Yadda Abarshi Ya Tatsi Motar Kawu Illo

In kuka ji ana yabon wani da sani, ku tambaya ko ya kai Abarshi, don mu mutanen Madarumfa a wurinsa muka ga ƙarshen sani, kuma har yau ba mu gama warkewa ba. Ni Sule tela nake ba ku labarin nan. Rumfata tana bakin kasuwa, daura da kukar da ake ajiye motar, saboda haka ba ji na yi ba, gani na yi, har da ni ma cikin waɗanda abin ya ci.

Abarshi ya taɓa yin wata huɗu a barikin Damagaram yana wanke motar kumandan. Da ya dawo gida, wata huɗun nan suka zama shekara bakwai, wankin ya zama kanikanci, ita kuwa motar, in masu saurare sun yi yawa, takan zama jirgin sama. Tuƙi dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma gaba kaɗai. In aka ce ya ja da baya sai ya ce Nasara sun hana, wai mota mai daraja ba ta tafiya da gindi.

Motar ta Kawu Illo ce, yayan uwarsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Duk gari Kawu muke ce masa. Shekara talatin yana fataucin goro da jakai, sannan ya tattara abin da ya samu kakaf, ya haɗa da gonarsa ta fadama, ya sayi wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya mai shan gazuwal, wato man dizal, a Maraɗi. Bayan ita ba shi da ko akuya. Fatansa guda ne, ta yi masa jigilar gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, daga ƙauyukanmu zuwa ma'auna a Maraɗi a kakar nan ta hamsin da biyar. In ta yi, ya huta a tsufansa. In ta mutu kuwa, sai dai tsoho ya koma korar jakin wani.

Shofer ɗinta, wato direba, Hamisu ne, mutumin Safo, wanda sai ya yini bai yi magana goma ba. Ana tsakiyar jigila sai kurkunu ya fito masa a ƙafar dama. Kun san kurkunu ba a yi masa gaggawa, kullum kaɗan ake naɗe shi a tsinke har ya ga damar ƙarewa. Dole aka ɗora Hamisu a jaki za a kai shi gida. Kafin ya tafi ya kira Abarshi, don duk garin ba wani mai iya motsa motar, ya buɗe mata baki, ya zaro wani dogon tsinken ƙarfe daga cikin inji, ya nuna masa zane biyu a jikinsa. Ya ce kowace safiya kafin a tada ta a duba baƙin mai, ya kasance tsakanin zanen nan biyu. In ya sauka, ga garwar sabon mai nan, a ƙara. In kuwa aka ga wani abin da ba a gane ba, a aika Safo. Abarshi ya karɓi mabuɗi yana kallon sama, ya ce shi da ya gyara jirgi, yau shi ake koya wa tsoma ludayi a miya.

Safiyar farko ya zaro tsinke, ya ga mai ya wuce zanen sama da ƙwayar dawa. Ya ce idonsa ne. Safiya ta biyu ya wuce da gaɓar yatsa. Ta uku kuwa yatsa biyu cif, alhali ko ɗigo bai ƙara ba, garwar Hamisu tana nan a rufe. Mai hankali da ya aika Safo. Abarshi rumfata ya nufo, tsinke a hannu yana ɗiga mini a tabarma, ya ce a tara mutane.

Aka taru, har da taubashinsa Ɗan Azumi masunci, wanda ba ya barin maganar Abarshi ta faɗi ƙasa bai taka ta ba. Abarshi ya gyara murya, ya ce motar kowa cin mai take yi, ta Kawu kaɗai ce ta fara haifar shi. Ɗan Azumi ya tambaye shi wane ne uban.

"Mi take ɗauka kullum?" in ji Abarshi.

"Gujiya."

"Mi ke cikin gujiya?"

"Mai."

"To, ka amsa wa kanka. Ƙamshin yana bi ta katakon baya ya sauka cikinta, zafin inji ya tatse shi."

"Jakin Kawu ya shekara goma yana ɗaukar goro, ban taɓa ganin bakinsa ya yi ja ba."

"Jaki ba ƙirar Nasara ba ne," in ji Abarshi, ya juya masa baya.

Nan take ya sa aka kawo ƙwarya. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin motar, ya kwance ƙusar gindin inji, wani baƙin abu mai ruwa-ruwa ya tsiyayo, ya tara rabin ƙwarya, ya mayar da ƙusa. Ya fito yana ɗaga ƙwaryar kamar wanda ya kamo gwauron giwan ruwa, ya ce wannan tatsar yau ce, gobe ma akwai. Abin mamaki, kashegari kuwa akwai ɗin. Ya tatsa, jibi ma ta sake cika. Masu dariya suka fara yin shiru, wata tsohuwa har da guɗa, aka ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kawu Illo ya zo da sandarsa, ya leƙa ƙwarya. Tsoho ne mai sanyin hali, bai san inji ba, kuma yana son ɗan ƙanwarsa fiye da yadda ya kamata. Ya tambaya a hankali ko ba za a aika wa Hamisu ba. Abarshi ya ja shi gefe, amma da muryar da har masu kifi suka ji, ya ce ai Hamisu ya daɗe da sanin wannan, tun tuni yake tatsar ta a ɓoye yana kaiwa Maraɗi, Allah ne ya aiko kurkunu don asiri ya tonu. Wallahi wannan magana ta ɓata mini rai, don Hamisu ko allura ya tsinta a rumfata sai ya miƙo mini. Kawu bai ce ya yarda ba, bai kuma aika ba. Ya dai ce gazuwal ɗin da ke kai ta Maraɗi ya dawo da ita yanzu ba ya isa. Abarshi ya ce haba Kawu, wa ya taɓa ganin mai shayarwa ba ta ƙara ci ba.

Daga nan sai rabo. Abarshi ya ce shi ba marowaci ba ne, kowa ya kawo kwalba. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, na kai tawa. Na ɗiga wa keken ɗinkina, ya yi ta gudu sumul, na ce lalle yaron nan yana da wani abu. A ranar nake ɗinka wa liman farar riga. Kafin azahar rigar ta yi ɗigo-ɗigo tun daga wuya har ƙasa kamar zabuwa, na wanke sau uku bai fita ba. Na rina ta baƙa, na ce masa yanzu haka malaman Katsina ke sawa. Launi ya ɓoyu, wari bai ɓoyu ba. Ran Juma'a sahun gaba duk tari suke yi, liman ya karanta gajeruwar sura ya sallame, tun daga ranar kuma bai ƙara kawo mini ɗinki ba.

Ɗan Azumi, duk da bakinsa, shi ma ya karɓa, wai banza ba a ƙin ta. Ya shafe gorarsa ta iyo da shi don kada ruwa ya ci ta, ragowar ya shafa wa koma. Ya shiga tafki ya fito da kifi cike da kwando, amma duk wanda ya shinshina sai ya ajiye ya wuce. Ya jefa wa kyanwa ɗaya, ta dube shi, ta tone ƙasa ta rufe. Da ya zo da faɗa, Abarshi ya ce laifin kifin ne, kifin ƙauye bai saba da kayan Turai ba.

Bai tsaya nan ba. Ya je ruga ya tambayi Fulani abin da suke ba saniya in suna son nono ya ƙaru, suka ce kanwa. Ya dawo ya jiƙa kanwa kwano guda, ya ɗura a tankin ruwan da ke gaban inji. Ya ɗaura wa motar laya a wuya saboda kambun baka, ya hana mata masu ciki giftawa ta gabanta. A ranar ya ɗauki buhu sittin da fasinja a sama. Sun wuce Safo kaɗan sai murfin tanki ya yi sama, wani farin kumfa mai zafi ya feso, ya wanke shi da duk wanda ke kan kaya. Fasinja suna dirowa suna salati, Abarshi ya tsaya tsakiyar hanya, kumfa har gira, yana ce musu su dubi launinsa da kyau, baƙin mai somin taɓi ne, ga farin nonon nan ya fara zuwa.

Wadda ta fara faɗa masa gaskiya tsohuwa ce, Inna Marka, mai man gujiya da ƙuli-ƙuli. Ita ma ƴar Safo ce, daga gidan da ba su bar tsafin kakanni ba, kuma ƙawar kakarsa ce, saboda haka maigidana take ce masa, shi kuma ya ce mata amarya. Shi ya kai kansa. Ya je da kwalba inda take suya, ya ce ta sayar da turmi ta huta, zamanin daka da murza ya wuce, motarsa tana tatsar mai ba tare da an fasa ko ƙwaya ɗaya ba.

Marka ta karɓi kwalbar. Ta tsoma yatsa, ta murza da babban yatsa, ta yamutsa fuska. Ta kai hanci, ta yi atishawa. Ta aiki Ɗan Azumi ya ɗebo mata kaɗan daga garwar sabon man da Hamisu ya bari, ni kuma ta ce in ba ta ƙyallen farin yadi biyu. Ta ɗiga na garwa a ɗaya, ta ɗiga na kwalba a ɗaya, ta ce kowa ya zuba ido. Na garwa ya zauna wuri guda, dunƙule, da ƙyar ya motsa. Na kwalba kuwa nan da nan ya rabu biyu, baƙin ya tsaya a tsakiya, wani fari-fari ya bazu ya kewaye shi har ya kusa bakin ƙyalle.

"Maigidana, wanga ba mai ɗaya ba ne," in ji ta. "Mai biyu ne da ba su yi shawara ba. Mai nauyi ya zauna, mai rawar kai ya gudu. Shekara arba'in ina kama mata masu yi mini haɗi, da ƙyalle nake kama su."

Abarshi ya ce zoben nan da take gani ai alamar albarka ce, wata ma a sama yakan yi lalle.

Sai ta jawo garwashi biyu daga murhu. Ta ɗiga na garwa, ya yi hayaƙi ya yi shiru. Ta ce masa ya matso ya ga nasa da kyau, ya kuwa matso, don bai taɓa ƙin a kalli kayansa ba. Tana ɗigawa wuta ta yi bal, ta lashe masa rabin gemu da gira ɗaya. Kasuwa ta ɗauki dariya. Marka ta jira aka lafa, sannan ta ce abin da ta gani. Abin da yake zuba mata a sama shi ne yake tara a ƙasa. Wani wuri a cikinta ya huje, abin shanta yana zuba cikin abin shafawarta, shi ya sa gazuwal ke ƙarewa, baƙin mai ke ƙaruwa. Ta ce kullum in ya tatsa yana zubar da mai kauri ne, tsinkakke na maye gurbinsa, kamar mai ɗiban kunu yana cika ƙwarya da ruwa. Ta ce ita ba ta san inji ba, amma ta san kasko in mai ya tsinke ƙonewa yake yi.

Abarshi ya shafa inda gemunsa yake da, ya ce kowa ya gani, man da ya fi ƙarfi shi ne ya kama wuta, na Hamisu ko tashi bai iya yi ba. Ya ce kuma ba a tambayi mai sayar da mai ra'ayinta a kan man kyauta ba, kishi ne kawai. Marka ta ce to, in ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ta ci gaba da suyarta. Amma da yamma ta ɗauki ƙyallen nan biyu ta ƙulle a gefen zane, ta nufi Safo.

Dariyar nan ita ta ja mana masifa. Abarshi ya kasa haɗiye ta, ya yi shela cewa ran kasuwa mai zuwa, a gaban wakilin sarki da duk wanda ke da ido, zai tatsi garwa biyu cur a zama ɗaya, a ga mai kishi. Don nonon ya taru kuwa, ya daina tatsa ɗungurungum har kwana bakwai, yadda ake raba saniya da maraƙi. Jigila kuma bai fasa ba. A rana ta uku motar ta fara wani ƙwas-ƙwas daga can cikin ciki, Ɗan Azumi ya tambaya, ya ce tuƙa take yi. A ta biyar hayaƙinta ya koma fari-fari mai yaji, ya ce tana gumi. A ta shida ya zaro tsinke, ya fito a jiƙe har mariƙi, ya zaga gari da shi yana nuna wa mutane.

Ran kasuwa tun da hantsi filin gindin kuka ya cika. Mutanen ƙauyen Sarkin Yamma sun zo, na Safo sun zo, an shimfiɗa wa wakilin sarki darduma a inuwa, Kawu Illo na zaune gefensa yana jan carbi. An jera garwa biyu wankakku. Sai ga Abarshi ya fito da makaɗi a bayansa, sanye da wata babbar riga shuɗiya mai aska takwas, tana jan ƙasa. Ina ganinta na gane ta, don ni na ɗinka ta, wata biyu ina aikinta. Ta Kawu Illo ce, rigarsa ta Salla, ita kaɗai ce mai kyau da ya rage wa kansa. Na dubi Kawu, na ga shi ma ya gane ta, ya dai sunkuyar da kai.

Abarshi ya buɗe bakin motar don kowa ya ga inji. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci Damagaram sau tara. Sannan ya ce ba a tatsar saniya da sanyi, sai an ɗumama ta. Ya hau, ya tada ta, ya taka ta sau biyu don makaɗi ya ji daɗi.

A na uku ya ɗaga ƙafa, ita kuwa ba ta sauko ba. Kukan ya ci gaba da hawa, daga gurnani ya koma ihu, daga ihu ya koma wani abin da ban taɓa ji ba kuma ba na fatan sake ji. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga bayanta, ya rufe masu gishiri, ya rufe masu tukwane. Tana tsaye wuri guda amma duk jikinta rawa yake yi, layar wuyanta ta tsinke ta faɗi. Abarshi ya ja igiyar kashe inji, ba ta san yana yi ba. Ya zare mabuɗi, ko gezau. Ya diro, ya zo gabanta, ya ɗaga mabuɗin yana nuna mata, yana ce mata ga shi a hannunsa, ba ta da izinin tafiya. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Faransancinsa kalma uku, har da sara mata irin ta soja.

Kasuwa ta watse. Jakai suka tsinke, wani raƙumi ya bi ta kan masu albasa, makaɗi ya yar da kalangu ya ce ƙafa mi na ci ban ba ki ba. Wakilin sarki, mutum mai ƙiba, ban san ya iya gudu ba sai ranar, rawaninsa na warwarewa a bayansa har bakin tafki. Ɗan Azumi ya haye kuka yana yi wa Abarshi ihu wai ya kama mata ƙafar baya kada ta yi harbi. Ni kaina ina ƙarƙashin keken ɗinki. Mutum biyu kaɗai ba su gusa ba, Marka da ta rufe kaskonta da faifai, da Kawu Illo, wanda ya miƙe tsaye yana kallon shekara talatin ɗinsa tana ihu.

Cikin hayaƙin nan sai ga jaki, ga Hamisu a kai, ƙafa a naɗe da tsumma. Tun ranar da Marka ta kai masa ƙyallen yake roƙon a ɗora shi, ƴan'uwansa suna hanawa saboda ƙafa, sai ran nan ya sato jiki. Bai yi sallama ba. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle uku ya kai ga injin, ya fizge wani murfi mai kama da tukunya a samansa, ya waiwayo yana ihu a ba shi tsumma mai kauri, ta hanci take shan mai, sai an toshe mata numfashi. Abarshi ya miƙa masa mabuɗi.

Kawu Illo ne ya gane. Ya yar da sanda, ya kama wuyan rigar nan ta baya, ya zare ta ta kan Abarshi kamar mai feɗe akuya, ya cusa wa Hamisu. Hamisu ya dunƙule ta ya danna a ramin da ya buɗe. Injin ya zuƙe ta har rabi, ya shaƙe, ya yi tari biyu, ya girgiza, sannan wani abu ya buga a can ciki, ƙwal, ta yi shiru.

Hayaƙi ya washe, mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Abarshi yana tsaye tsakiyar fili, ashe ba komai a ƙarƙashin rigar sai wani gajeren wando mai faci uku, duk baƙin mai. Gira ɗaya, rabin gemu, mabuɗi a hannu. Mata suka juya baya suna dariya cikin mayafi.

Hamisu ya zaro tsinke, ya murza, ya shinshina, ya miƙa wa wakilin sarki da ya dawo yana haki, shi ma ya shinshina. Sannan ya yi maganar da ta fi tsawo a rayuwarsa. Ya ce akwai famfon da ke ba injin gazuwal, a bakinsa akwai wani ɗan zoben roba da bai fi ƙawanyar yatsa ba, shi ne ya tsage, gazuwal yake zurara ƙasa cikin baƙin mai. Da an aika tun ranar farko, aikin yini ɗaya ne, a canza zobe, a zubar da gurɓataccen mai, a zuba sabo. Ya ce baƙin mai ba ya ƙaruwa don kansa, duk wanda ya ga ya hau, to wani abu ne ya shiga, ruwa ko gazuwal, hanci da yatsa sun isa su faɗa. Yau kuwa ya cika ne har ya hau kai, injin ya bar tanki ya koma shan na cikinsa, shi ya sa mabuɗi bai hana shi ba. Abin da Inna Marka ta faɗa, in ji shi, ko bakaniken Maraɗi iyakar abin da zai faɗa ke nan.

Abarshi ya buɗe baki ya ce ai da ma shi ma ya yi zargin zoben nan, gwada mutane kawai yake yi. Ɗan Azumi daga kan kuka ya ce to an gwadu, a ba shi wando.

Kawu Illo bai dubi kowa ba. Ya ɗora hannu a kan ƙarfen motar, da zafinsa, ya ce, "Hamisu, ka yafe mini, na ji magana a kanka ban tsawata ba. Za ta tashi?"

Hamisu ya kama wani ƙarfe ya juya injin da hannu, muka ji abu yana kaca-kaca a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ce sama da sati biyu ƙarfe yana cin ƙarfe da ruwan mai. Sai an nemo kaya daga Kano, in an samu.

"Kafin gujiya ta ƙare?"

Hamisu ya girgiza kai.

Dariyar ta mutu. Ni da nake jin haushin rigar liman, sai na ji kunya ta kama ni, don da ni aka kai kwalba. Wakilin sarki ya ce ba za a bar ta ta tare kasuwa ba, a tura ta gidan mai ita. Maza suka tuɓe riguna, aka ɗaga Hamisu aka sa shi a mazaunin shofer. Abarshi ya yi wuf zai haye gefensa, wai don ya nuna hanya. Kawu ya riƙe masa hannu, ya karɓi mabuɗin, ya ce, "Koma baya, ɗana. Can ake bukatar ka."

Sannan tsoho ya kama ƙofa ya hau da ƙyar, ya zauna a gaba. Sai a lokacin muka tuna, wata takwas da sayen motar nan, bai taɓa shiga cikinta ba. Kullum cewa yake wurin mutum ɗaya wurin buhu ɗaya ne, zai hau in kaka ta wuce.

Muka sa kafaɗa, ni da Ɗan Azumi da mutum wajen ashirin, Abarshi a daidai bututun hayaƙi, baƙin ruwa na ɗiga masa a ƙafa, yana gaya mana wai ba haka ake tura mota ba. Ta motsa, ta bi ta gaban masu tukwane a hankali, ba ka jin komai sai numfashinmu da yashi a ƙarƙashin taya. Ina daidai taga, na ga Kawu ya shafa kujera, ya shafa gilashi, ya leƙa ƙasa ya ga yadda hanya ke wucewa. Can sai na ji ya juya wurin Hamisu.

"Ashe haka take da daɗi. Da ma haka take tafiya, shiru?"

Hamisu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya. Mu kuwa muka sunkuya muka ƙara ƙarfi, don akwai tudu kafin a kai ƙofar gida.